Ba Zai Take Sarkina Ba

Tun da tsohon da muke buga birij tare ya rasu, na koma wanda ake jona wa duk mutumin da abokinsa bai zo ba. Birij karta ce ta mutum huɗu, biyu-biyu, ba a sa kuɗi, kuma in ba ka da abokin da ya san hannunka, zaman banza kake yi. Tsohon nan Bamisire ne. Shi ya koya mini wasan tun ina tuƙa masa mota a unguwar Zamalek, nan ƙasarsu, muka daɗe muna fuskantar juna a teburi har na san abin da zai jefa kafin ya jefa. Da ya tafi, wani kulob a unguwar Mohandessin ya ba ni ɗaki duk Talata bayan la'asar in riƙa koya wa sababbi. Na karɓa, amma ba don son koyarwa ba, na gaji da surutu. Aboki nake nema, kafin idon nan da ya fara hazo ya ƙarasa.

Yawancin masu zuwa Misirawa ne, su zo sau uku su ɓace. Sai ga wasu 'yan gida su uku daga unguwar Ainu Shams, ɗaliban ilimin addini. Biyu sun gudu a mako na biyu, wai an ce musu karta duk karta ce. Na ce Allah ya raka taki gona. Na ukun ya tsaya. Magidanci ne mai 'ya'ya, mutumin Katsina, mahaddaci, ina tsokanarsa da Alaramma, shi kuma yana ce mini Baba. Kai, ban taɓa ganin kai irin nasa ba! Karta hamsin da biyu, ba wadda za ta faɗi ya manta. Na shekara ina fama da mutane su ƙirga karta goma sha uku na kowane iri, shi kuwa a wata biyu yana gaya mini abin da ya rage a hannun abokin hamayya. Na ce a raina, to, Allah ya kawo.

Matsalar ta fito ne da muka shiga darasin tsaro, wato yadda ku biyu za ku hana wancan ɓangaren cika yawan cin da ya ɗauki alkawarin yi. Akwai wani hannu da kowane ɗan koyo sai ya sani. Ni ina da Sarki da wasu huɗu manya na iri ɗaya, abokina yana da As, wadda ta fi kowace karta, da ƙarama guda. In na jefa Sarki, dole ya take shi da As, sannan ya maido mini ƙaramar, in kwashe sauran. In ya ji tausayin Sarkin ya jefa ƙaramar, a zagaye na biyu As ɗinsa za ta ci, ba shi da wata irinta da zai miƙo mini, nawa su ruɓe a hannuna.

Na shimfiɗa masa a teburi, ya gane tun ban rufe baki ba. Har shi ya ƙarasa mini bayanin. Muka raba karta, na jefa Sarki. Ya jefa ƙarama.

Na ce, "Alaramma, ina As ɗinka?"

Ya ce, "Tana nan, Baba."

"To ajiyar me kake yi mata? Gado za ka bar wa yara?"

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Na ɗauka mantuwa ce. Mako ya zagayo, na sake kitsa hannun da gangan, ya sake. Na uku ma haka. Ranar na buga teburi har shayi ya zube, wata tsohuwa a teburin gefe ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, kamar ita aka yi wa.

Na raka shi bakin titi inda yake hawa mota zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, gwiwata tana ciwo, raina a ɓace. Na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "Baba, na san hukuncin. Amma ka jefa babbar kartarka tana ci, ni in ɗaga hannu in danne ta a gaban mutane? Wallahi hannun ne ba ya tafiya."

Na ce, "Kwali ne fa! Kwali mai hoton wani Bature da gemu!"

Ya ce, "Na sani. Amma daga hannunka ya fito."

Ni ma haka aka rene ni. Har tsohon nan ya mutu ban taɓa zama kafin ya zauna ba. Amma na gwada duk dabarar da na sani. Na ce umarni ne na ba shi, ya ce to, da lokacin ya zo ya yi ta jujjuya kartar har kowa a teburin ya gane abin da ke hannunsa, wanda ya fi rashin jefawar muni. Na ce ya daina ce mini Baba, ya koma Malam, abin bai canja ba. Wata shida muna wannan. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Ana saura mako biyu gasar kulob, na san in na zauna da shi zan kashe masa wasa, shi ma ya kashe mini. Akwai wani likitan haƙori Bamisire, sa'an Alaramma, mai kai amma ba shi da abokin wasa na kirki. Na haɗa su. Da na gaya wa Alaramma, sai da idonsa ya kawo ruwa, yana tambaya ko laifi ya yi. Na ce khalas, na gama magana, ya je ya zauna.

Ranar gasar na ja kujera na zauna a bayansa, abin da ban taɓa yi ba a kulob ɗin nan, zaman kallo. Can wajen hannu na tara sai ga shi, ba wanda ya kitsa. Likita ya jefa Sarki. Kafin in ja numfashi, Alaramma ya maka As a kai, ya maido ƙaramar, suka kwashe biyar a jere. Ko gezau bai yi ba.

Da aka tashi ya zo ya rusuna a gabana, fuskarsa fal murna. "Baba, na yi daidai?"

Na ce, "Ka yi daidai. To don Allah me ya sa nasa bai gagare ka ba?"

Ya dube ni da mamaki, kamar na tambaye shi abin da yaro ma ya sani. Ya ce, "Haba Baba. Shi ai ba ubana ba ne."

Na ce ya tashi ya je, abokinsa yana jiransa.