Darasin Duwatsu Daga Ɗakin Wanki

Duk Bahaushen da ke unguwar Harra ta Gabas a Madina ya san Jumare mai magsala, wato ɗakin wankin wani otal da ke kusa da Harami. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai ta kama dole, kuma in ya riƙe mutum a zuci, to sai dai Allah. Ɗan Funtuwa ne. Kafin neman abinci ya kawo shi Madina ninkin tawul, ɗalibin ilimin duwatsu ne a wata jami'a a gida, saura ƙiris ya kammala.

Wanda ya yi masa ƙafar ungulu shi ne Dakta Barau, malamin da ke koyar da tsarin duwatsu da motsin farantan ƙasa. Dokarsa ɗaya ce: wanda bai sayi handawut ɗinsa ba, ko ya haɗiye littafi ba zai ci jarrabawa ba. Jumare kuwa, da rawar kan ƙuruciya, ya miƙe a tsakiyar aji ya ce ai duk abin da ke cikin takardun nan yana intanet kyauta. Kash! Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Barau ya kayar da shi, ya maimaita, ya sake kayar da shi, har jami'a ta sallame shi. Mugu ne, wallahi, ba wani suna da za a ba shi.

A Madina ma abin bai bar Jumare ya huta ba. Kullum zai tafi aiki sai ya taka baƙaƙen duwatsun Harra, tsohon aman wuta da ya daskare, sai takaici ya taso masa sabo fil. Ya koma kallon darussan da ake sakawa kyauta da Turanci da Larabci, har wata rana ya dubi abokin ɗakinsa, Zakiru ɗan Maraɗi, ya ce, "Sai na kashe wa Barau kasuwa. Duk abin da yake sayarwa zan mayar da shi Hausa, in zuba shi a banza."

"Yalla, bismilla," in ji Zakiru. Shi ya zama mai riƙe waya.

Kayan aikin duk na magsala ne. Jumare zai jera tawul kala-kala, ya turo su daga gefe biyu har su tattare su yi tudu da kwari, ya ce haka shimfiɗun dutse ke lanƙwasa. Zai goga sandar sabulu a jikin wata don nuna yadda ƙasa ke tsagewa ta zame. Ranar da ya zo kan rabuwar ƙasar Larabawa da Afirka, gurasar tamis ya yaga biyu a faranti, ya zuba shayi a tsakani, ya ce ga Bahar Maliya nan. Ɗalibai a gida suka yi caa a kan darussan, suka sa masa suna Malamin Tawul. Shi godiyarsu ba ta dame shi ba, tambayarsa ɗaya ce: handawut ɗin Barau yana tafiya? Da aka ce masa ba mai saye, ranar har da mandi, shinkafa da naman Larabawa, ya saya wa Zakiru.

Ana nan sai ga saƙo: Dakta Barau ya zo Umra, yana Madina ziyara, yana son ganin Malamin Tawul. Jumare ya goge jallabiyarsa da kansa, ya ce su haɗu a shagon shayi bayan La'asar. So yake ya ga karyayyen mutum da idonsa.

Ina! Barau ya zo da tumbinsa da carbinsa, sai furfura da ta ƙaru. Bai ma gane Jumare ba.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji Barau, yana kurɓar shayi. "Ka san data ta yi tsada a gida, ba kowane yaro ke iya kallo ba. Sai na tattara bidiyoyinka a filas, duk ɗalibi dole ya saya a wurina. Wallahi ya ma fi handawut tafiya."

Jumare ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ashe duk shekarun nan da yake hana kansa hutu, noma yake yi wa Barau! Zakiru, da ya rako shi, ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Barau ya miƙe, ya miƙo hannu kamar yadda baƙin Allah ke yi in za su koma. "To, mun haɗu a gari mai albarka. Abin da muka yi wa juna, a yafe."

Jumare bai karɓi hannun ba. "Malam, ni ne Jumare na Funtuwa, wanda ka kora daga karatu. A garin Manzon Allah nake faɗa maka, na da da na yanzu, ban yafe ba. Mu haɗu a can."

Murmushin Barau ya ɗauke. Ya waiga wajen da hasumiyoyin Harami suke, hannunsa na nan a miƙe ba wanda ya taɓa shi.