Ƙirjin Ishaya Bai Kai Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Ishaya, amma har yau idan na ambace shi a Zuru sai a ce, "Wanne? Wanda soja suka ƙi ɗauka?" Iyakar abin da garin ya riƙe game da shi ke nan.

Sau uku yana zuwa wurin ɗaukar soja. Mutum zai tuɓe riga, a zagaya masa tef a ƙirji. Ni tashin farko aka ɗauke ni, shi kuwa ƙirjinsa bai taɓa kaiwa ba. Ba wanda ya tambayi abin da ke cikin kansa, alhali mutum ne da zai warware matacciyar rediyo ya mayar da ita tana magana, ya dubi fako ya ce a haƙa rijiya nan, a haƙa a tarar da ruwa. Idan baƙi suka zo, babanmu kan faɗi sunana da muƙamina, sannan ya nuna shi ya ce, "Ga kuma ɗayan."

Ga abin da ke cina. Jarrabawar da na ci na zama saje, Ishaya ne ya koya mini ita ta wasiƙa, ina bariki yana gida. Da na dawo da igiya uku aka yanka akuya, aka yi kiɗa. Yana cikin masu tafi. Ban buɗe baki na faɗa ba.

Ya ƙare a bakin kasuwa da ɗan teburinsa yana rubuta wa matan sojoji wasiƙu, har tari ya tafi da shi. Yanzu wayar hannu ta iso, ko wannan teburin ba mai nema. Da yana nan, na san da ya buɗe cikinta ya ga yadda take aiki, da kuma an ce ya rasa abin yi.

Makon jiya ɗansa Bitrus, wanda nake riƙo, ya same ni. Ƙwaƙwalwar uban ce sak, malamansa suna roƙona in bar shi ya ci gaba da karatu. Ya ce, "Baba, ka raka ni ɗaukar soja. Na ga inda ƙwaƙwalwa ta bar babana."

Na yi magana har yawuna ya ƙafe. Na ba shi labarin jarrabawar nan, wanda ban taɓa ba kowa ba. Ya saurara tsaf, sannan ya tuɓe riga ya miƙo mini tef ɗin ɗinkin uwarsa.

Na auna da hannuna ina roƙon Allah kada ya kai. Ya kai, har da saura.