Hanyar Jirgin Baba Hedman

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Ayigya Zango a Kumasi da safe ya san abin da zai tarar. Baba Hedman ya dawo daga masallaci, ya sa tsohon kakinsa, ya durƙusa a tsakar gida da cokalin shayi yana ƙwanƙwasa ƙarfe, kunnensa a ƙasa. In ka gaishe shi, yatsa ɗaya zai ɗaga maka. Sai ya gama jin abin da ƙarfen ya ce masa sannan ya amsa gaisuwar ɗan Adam, kokonsa kuwa ya daɗe da yin sanyi.

Ni ce Ramatu, 'yarsa ta uku, mai ɗinki. Baba ya yi shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa tun kafin a haife mu, can ya samo sunan Hedman. Da jirgi ya daina zuwa Kumasi, sai ya shimfiɗa tasa hanyar a gida, daga bakin famfo zuwa gindin ayaba, ta zagayo ta gaban madafi. Da ƙarfen labule ya yi ta. Tsakuwar ma da hannunsa ya fasa, ya tace da rariyar Mma, mahaifiyarmu, ba ta sake ganin rariyar ba.

Filin nan kuwa shi nake so. Tun da mijina ya rasu na dawo gida da keken ɗinki, a baranda nake aiki, ruwan Kumasi kuma ba ya sallama. Leshin mutane da na jiƙa, Allah kaɗai ya san yawansa. Na roƙi Baba filin in yi ɗaki ɗaya.

"Na ba ki," in ji shi. "Ranar da jirgi ya bi hanyar nan daga farko har ƙarshe, an gama aiki. Ki tone ki gina."

Na yi godiya har ƙasa. Ban lura ba cewa babu jirgi ko ɗaya a gidan.

Motocin aiki dai akwai su, duk na jikokinsa ne da ya kama. Tifar roba ya cire mata taya, ya sa mata murafen kwalba su hau ƙarfe, ita ke ɗaukar tsakuwa. Motar kashe gobara ya ɗaura mata sirinji, tana ɗiga baƙin mai a ramin tururuwa. Motar asibitin Hawa 'yata, kyautar Sallah ce, kwana biyu ta yi a hannunta. Rana ta uku muka gan ta da buroshin haƙori a ƙarƙashinta tana share hanya. Hawa ta yi kuka, Baba ya rubuta mata takarda ya sa hannu, wai shaidar an ɗauki motarta aiki. Daga nan duk yaron da za a kawo gidanmu, a bakin ƙofa yake miƙa wa uwarsa abin wasansa ta ɓoye a jaka.

Mma ta fi kowa shan wuya, don ba ta isa madafi sai ta tsallaka hanyar. Baba ya ciro hannun wata motar ɗaga kaya ya yi mata shinge, tsawonsa bai kai ludayi ba. Wata rana ta fito da tukunyar miya mai zafi, ta tarar an sauke shingen.

"Malam, miya na ƙona ni."

"Ana aiki a hanya."

"Wane aiki? Ba ni ganin kowa koraa, ko mutum ɗaya."

"Ba kya ganin tifa?"

Abin da ya ɗaure mini kai, Mma ta tsaya. Taku ɗaya za ta yi ta wuce. Tana zaginsa da Hausa tana ƙarawa da Twi, amma sai da ya ɗaga abin nan da ɗan yatsa ta taka.

Da na ga shekara ta zagayo, na ce bari in taimaki kaina. Na auna faɗin hanyar da tef ɗina, na tafi kasuwar Kejetia, na wuni ina auna ƙafafun jiragen wasa masu shaguna na kallona. Na samo kore mai batir, da taragu uku. Baba ya juya shi, ya shinshina, ya sa mini albarka. Washegari na fito na ga jirgina yana tafiya a kan hanya, zuciyata ta yi fari. Da na matso sai na ga an manna masa sanfefa a ciki yana goge tsatsa, taragun kuma an sare musu rufi an cika su da yashi.

"Baba, ai ga jirgi ya bi hanya."

"Ina?"

"Ga shi nan gabanka."

"Wannan ma'aikaci ne. Kin ga fasinja?"

"To me ya sa ka yanke masa rufi?"

"Ramatu, jirgi shi ke lalata hanya. Shekara nawa ina gyara suna zuwa suna ɓata mini."

In jirgi ke lalata hanya, hanyar ta mece ce? Na tambaye shi, ya ce in matsa, ina tare masa haske.

Na kai ƙara wajen Malam Sani, limamin masallacinmu, don shi kaɗai Baba ke jin nauyi. Malam ya zo bayan la'asar da fuskar shari'a. Na leƙo daga baya na tarar ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, yana tura motar asibiti. Da zai tafi na bi shi ƙofa.

"Malam, yaya maganata?"

"Aikin na da yawa paa," in ji shi. "Ki yi haƙuri. Akwai wata tarakta a gidana, gobe zan aiko."

Na sake sayen jirgi, ja wannan karon, na ɓoye shi a ƙasan akwatina. Baba ya sani, don Mma ba ta iya riƙe magana. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban fito da shi ba. Haka muka zauna muna gadin juna.

Bara jikinsa ya yi rauni. Masallaci ma sai an riƙe shi, abinci sai da lallashi. Abu ɗaya ke fito da shi daga ɗaki, a ajiye masa kujera a bakin famfo ya duba aiki. Wata safiya ina ɗinki ya kira ni.

"Ɗauko jan nan naki. Hanya ta yi."

Na shiga ɗaki da gudu. Na buɗe akwati, na sa batir cikin murna. Da na fito na hango shi daga baranda, ya tattara motocin nan duka ya jera su cikin kwali, har ya rufe. Bai taɓa yin haka ba. Ya zauna hannuwansa biyu a kan gwiwa, ba ya taɓa komai. Tsoro ya kama ni.

Na ajiye jirgin a kan keke. Na je gindin ayaba na duƙa, na danna ƙarfen da tafin hannuna har ya lotsa.

"Baba, nan bai yi ba. Zo ka gani."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya yi rauni, amma ba na jin ya kai ya kasa ganin abin da na yi.

"Ke kin san aiki ne?" in ji shi. "Buɗe kwalin nan. Miƙo tifa."

Wata huɗu ya ƙara yana gyaran wurin nan, ina ɗinki a baranda ruwa na feso ni, ban taɓa jin daɗin ruwa kamar na lokacin ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sauƙaƙa masa kwanciya. Ni ma Allah ya yafe mini ƙaryar da na yi masa, don ko yau aka dawo mini da shi zan sake.