Datti Ƙi-Ƙarfe

Datti taubashina ne, ɗan goggona, don haka tun muna yara ba abin da ban faɗa masa ba. Na kira shi bawana, na kira shi mai kan tulu, har ragon maza na ce masa a gaban surukansa. Abu ɗaya ne ban taɓa tsokanarsa da shi ba, shi ne tauri, domin nan kam ba wurin wasa ba ne. Shi da matarsa Asibi duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

A Gammo aka haife shi, a nan ya yi rayuwarsa. Da damina noman dawa da gyaɗa, da rani ya ɗaura wa shanunsa amalanke yana kai wa mutane taki gona. Mutum ne mai sanyi, ko an taka shi, shi zai ce sannu. Amma fa bari makaɗa su saki takensa! Sai ka ga tsuma ta taso masa tun daga yatsun ƙafa, ya yi tsalle ya dira tsakiyar fili, ya zaro barho ya yi ta gurzawa a ciki da wuya, ya tauna reza ya furzar. Maroƙa na cewa, "Na Gammo ƙi-ƙarfe, fatar da ta gagari baduku!" Wurin mahaifinsa ya gaji maganin, shi kuma ya shayar da samari da yawa daga Kabo har Gwarzo. Duk wanda zai ba, sai ya bugi ƙirji ya ce masa, "Sha, tun da uwata ta haife ni ƙarfe bai taɓa shigata ba." Ɗansa Muhsin, wanda yanzu shi ma magidanci ne, a kan wannan maganar ya tashi, a kanta ya fara riƙe wuƙa.

Ciwon da ya kwantar da shi da wasa ya faro. Takalmi ya riƙa zame masa daga ƙafa bai sani ba, sai yara sun biyo shi da shi. Na ce, "Bawana, tsufa ne ko rowa ce ta hana ka sayen daidai ƙafarka?" Muka yi dariya. Kafin a girbe gero hawa amalanke ya gagare shi. Aka ce sanyi ne, aka yi ƙaho, aka sha sassaƙe, wasu suka ce jifa ne. Ni direba ne, Gwarzo zuwa Kano, na ga ire-iren wannan a mota. Na je na tasa shi gaba da faɗa sai asibitin Gwarzo.

Likitan ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya bi ƙafar da tsinke yana tambayarsa ko yana ji. Daga nan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce wani abu ne yake danne masa laka a gadon baya. Hoton ƙashi da muka saba ba zai nuna ba, sai wani hoto da ake kira MRI, wanda yake ganin nama da jijiya, kuma sai a Kano. In an ga wurin da wuri aka yi aiki, ana sa ran zai taka. In an yi jinkiri, ƙafafun sun tafi ke nan.

Ranar da aka ba mu, ni na ɗauke su a motata: Datti a gaba, Asibi da Muhsin a baya. Har yana yi mini tsiya a hanya, wai tuƙina kamar na mai kai amarya.

A sashen hoton muka tarar da wata ma'aikaciya, yarinya mai ladabi, ba za ta wuce sa'ar jikarsa ba. Ta ce duk wani ƙarfe da ke jikinsa a cire. To fa! Aka kwance guru, aka zare kambu, aka cire layu da zobba, har da wata 'yar wuƙa da ban san inda yake ɓoye ta ba. Faranti ya cika. Na ce, "Yau dai an fige ka kamar kaza." Ya ce, "Kazar ma ta fi ƙarfin wuƙarka."

Sai yarinyar ta rusuna ta ce, "Baba, a cikin jikinka fa? Ƙarfe ya taɓa shigarka? Harsashi, ko tsinin wuƙa, ko ɓarɓashi a ido?"

Muhsin ya yi dariya ya ce, "Malama, kin san wanda kike tambaya kuwa? Wannan shi ne ƙi-ƙarfe na Gammo."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku yi haƙuri, ba raini ba ne. Na'urar nan mayen ƙarfe ce, ƙatuwa, mai ƙarfin gaske. Ko keken marasa lafiyan nan da yake kai ba ya shiga ɗakin, sai mun sauya masa wani. In akwai ɗan guntun ƙarfe a jiki za ta ja shi, ya motsa ya yanki abin da ke kusa. In kusa da ido yake, idon zai iya tafiya. Baba, akwai?"

Datti ya dubi ɗansa, sannan ya dubi bango. Ya ce, "Babu."

Aka sauya masa keke, aka juya shi aka nufi ƙofa da shi. Ta gilashi ina hango na'urar, fara, da rami a tsakiya kamar bakin rijiya da aka kwantar. Kawai sai na ga Asibi ta miƙe. Matar da ko a gidanta sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta, ta bi su ta riƙe keken da hannu biyu.

Ta ce, "'Yar nan, tsaya. Akwai."

Datti ya ce, "Asibi."

Ta ce, "Malam, ka yafe mini. Akwai, a ƙarƙashin idonsa na hagu."

Hawaye na zuba ta ba da labarin. Tun kafin a haifi Muhsin, a wani wasa a Unguwar Tudu, Datti ya karya barho a goshinsa, tsinin ya falle ya shige masa ƙasan ido. Ya jawo hula ya rufe, ya ƙarasa wasan ba wanda ya lura. Da ya dawo gida ita ta wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ta yi ta nema ba ta ga ƙarfen ba, har wurin ya rufe. Ta ce wa mutane afolo ne ya kama shi, kada kowa ya shigo. Ɗan tabon da ya rage, duk mun ɗauka na ƙurji ne. Ni da nake cin tuwo kwano ɗaya da shi ban sani ba, wallahi ban sani ba.

Aka kai shi aka yi masa hoton ƙashi na fuska. Ga shi nan kuwa, fari fat, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Likitan wurin ya ce Inna ta ceci idon Baba. Ya ce kuma ba a rasa hanya ba: akwai wani hoton daban da za a iya yi bayan an sa masa ruwan magani ta baya, ko kuma likitocin ido su duba yiwuwar ciro ƙarfen. Duk maganar nan Datti bai ɗaga kai ba. Da likita ya gama, sai ya ce da ni, "Zailani, kai ni gida."

Haka na ɗauko su muka dawo Gammo.

Na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Ina! Na yi lallashi, na yi roƙo, na turo masa liman. Da abin ya ishe ni na koma zagi. Na ce, "Kai wane irin taurin kai ne da kai? Ƙwayar shinkafa guda za ka sayar da ƙafafunka a kanta? Waye ya sani? Mu uku ne, kuma ba mai faɗa!" Muhsin ya durƙusa a gabansa yana kuka da gemunsa, ya ce, "Baba, wallahi ni ban ji komai ba."

Datti ya ce, "Ka ji." Can kuma ya ce, "In na koma, ciro shi za su yi su ɗora a faranti. Yaran da na shayar, na rantse musu, da wane ido zan dube su?"

Asibi kuwa bai zage ta ba, bai sake ta ba, ko ƙala bai ce mata ba a kan maganar. Ni da ya zage ta ma da ya fi mini sauƙi. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunu a baki, shi kuma ya ce mata "sannu" irin wadda ake yi wa baƙo. Ƙafafun suka mutu murus, fitsari ya daina riƙuwa, bayansa ya yi gyambo. Ina zuwa in zauna in ce "bawana," ya yi ɗan murmushi don kada in ji kunya. Da na fito sai in shige mota in yi kukana. Bai ga wata daminar ba.

Ranar jana'iza 'yan tauri suka cika Gammo, kowa na cewa an yi rashin namijin da ƙarfe bai taɓa ganin jininsa ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar da na tarar tana yawo. Ashe ranar da muka je Kano akwai wata mata 'yar Kabo a layin, ta hango Asibi ta riƙe keke, ta kuma ga mun fito ba a yi hoton ba. Shi ke nan gari ya ɗauka: matarsa ce ta hana a yi masa magani. Wasu suka ce tsoron na'ura ne irin na ƙauyanci, wasu suka ce ta gaji da shi ne. Mata na shiga yi mata gaisuwa suna fitowa suna taɓe baki. Har ƙannen Datti suka daina cin abincin gidan.

Na shiga wurinta raina a ɓace. Tana takaba, tana zaune a kan tabarma, ta rame ta zama kamar ba ita ba. Na ce, "Asibi, kin ji abin da ake faɗa? Yau bayan sallar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗi gaskiya, kowa ya ji. Ke kika ceci idonsa, a ce ke kika kashe shi? Ba zai yiwu ba!"

Tana jan carbi ta ce, "Malam Zailani, don girman Allah ka rufa mini asiri ka yi shiru. Bar su su faɗa, ni ina iya ɗauka. Sau ɗaya na tona shi, ka kuwa ga abin da ya biyo baya. Yana kwance a kabari ba zan ƙara ba."