Uwar Waina

Ranar da Sabuwa ta sauka Alƙahira, ta biyo mijinta Malam Tijjani da ke karatu a can, tana buɗe jaka ta tarar tandar da ta ɗauko tun daga Gusau ta fashe gida uku. Matar da tun tana 'yar shekara tara take juya waina a gindin murhun uwarta, sai ga ta a hawa na huɗu a unguwar Ainu Shams, ba tanda ba itace.

Maƙwabciyarta Mahasin, Bahaushiyar Sudan, ita ta nuna mata dabara: ta fasa ƙwai cikin ƙullun shinkafa, ta juye shi duka a kasko mai zafi, ta tura cikin tanderun gas. Da babu gara ba daɗi. Wainar kan fito guda ɗaya tal, faɗin faifai. Malam ya yi ta dariya yana cewa wannan ai uwar waina ce, amma fa ko gefe ba ya ragewa.

A sanyin 2012 ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa, ga magani likita ya ce ba a shan sa da yunwa. Da safiyar na huɗu ya ce, "Sabuwa, uwar waina nake marmari."

A lokacin kuwa gas ya yi wuya a gari, mai sayarwa ya yi mako biyu bai ratsa layinsu yana ƙwanƙwasa tukwanen gas ba. Ta girgiza tata tukunyar, ta tsoma gindin tukunyar cikin ruwan ɗumi ko ragowar gas ya taso, ta kunna da bisimilla. Ƙullu ya fara tashi ke nan wuta ta yi ƙasa ta mutu. Ta naɗe hannu da zane, ta suri kaskon, ta hau bene biyu a guje zuwa wurin Mahasin.

"Yalla, maza shigo," in ji Mahasin. "Nawa ma saura ƙiris, amma sa."

Wainar ta gasu, gefenta ya yi ja. Sabuwa ta yaryaɗa zuma ta kai masa. Ya shaƙi ƙamshin, ya gutsuri kaɗan, ya daɗe yana juya shi a baki. Can ya fito da shi a tafin hannunsa, a kunyace.

"Ta yi daɗi. Ajiye mini, sai an jima."

Ta san wannan an jimar, kwana uku tana jin ta. Dabararta ta ƙare, kuma ta sani. Ta rufe kaskon da faifai, ta zauna a bakin gado, ƙwayar maganin na damƙe a hannunta.