Malam Maiwada Hodi Gulma, Likitan Itatuwa

Haihuwa da Karatu

A garin Gulma ta ƙasar Argungu aka haifi Malam Maiwada a shekarar 1951, a gidan Malam Hodi, manomin shinkafa, da maiɗakinsa Maryamu. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi firamare a Gulma, ya zarce sakandare a Birnin Kebbi, sannan a 1971 ya sami gurbi a makarantar koyon aikin gandun daji da ke Jos, inda ya fi mayar da hankali ga cututtukan itatuwa, fannin da ɗalibai kaɗan ne suke sha'awarsa a lokacin.

Aure da Fara Aiki

A 1975 ya kama aiki a Argungu a matsayin malamin daji, aka damƙa masa kula da itatuwan bakin hanya da na makarantu da kasuwanni. A shekarar da ta biyo ya auri Hajaratu, 'yar wani manomin albasa daga Augie, wadda ta kasance matarsa ɗaya tilo har ƙarshen rayuwarsa.

Cikin 'yan shekaru ya yi suna wajen gane itacen da ya kamu da cuta tun kafin mai shi ya lura. Ya kan nuna wa jama'a cewa itacen da ya fara bushewa daga ƙololuwa, galibi a saiwa matsalarsa take, kuma kauci, tsiron nan mai fitowa a jikin wani itace, idan ya kama reshe, da reshen ake sare shi tun bai yi 'ya'ya ba, domin tsuntsaye ne ke kai shi ga sauran itatuwa. Ya hana leburorinsa ɗaukar adda daga itace mai ciwo zuwa lafiyayye sai an gasa bakinta a wuta. Ya kuma yi ta fama da masu ƙona shara a gindin dogon yaro, da masu sassaƙe maɗaci domin magani har su zagaye jikinsa. A wannan zamani ne aka laƙaba masa Likitan Itatuwa.

Maɗacin Kasuwar Kifi

A watan Maris na 1988 ya duba wani tsohon maɗaci da ke wata 'yar kasuwa kusa da gulbi, wanda mata masu sayar da bandar kifi suke zama a inuwarsa. Ya tarar da naman kaza ya tsiro a gindinsa, da ya ƙwanƙwasa jikinsa da bayan gatari kuma sai ya ji amon rami, alhali ganyensa na nan kore shar. Ya sanar da matan cewa cikin itacen ya ruɓe, lallai ne a sare shi. Shugabarsu, wata dattijuwa da ake kira Goggo Baiwa, ta roƙe shi da cewa: "Malam, ka dubi ranar ga. In ka sare iccen ga yanzu, ina za mu zauna da kihinmu? Bar muna shi har ruwa shi sauka."

Malam Maiwada ya amince, ya rage manyan rassan kawai, ya ɗage saran zuwa damina. A ƙarshen watan Mayu, iskar da ta zo gabanin ruwan farko ta tumɓuke itacen ana tsakar cin kasuwa. Goggo Baiwa ta rasu nan take, wasu mata biyu suka karye. Binciken da aka gudanar bai ɗora masa laifi ba, iyalan mamaciyar ma sun ɗauki al'amarin a matsayin ƙaddara, amma iyalinsa sun shaida cewa bai sake bi ta wannan kasuwa ba.

Birnin Kebbi

Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 aka yi masa canjin aiki zuwa Birnin Kebbi. A nan ya dage cewa kada a jera itace iri ɗaya a titi guda, domin cuta ɗaya na iya gamawa da su gaba ɗaya, aka riƙa gauraya dogon yaro da tsamiya da maɗaci. Sai dai halinsa ya sauya. Duk itacen da ya ga alamar ruɓa a gindinsa, ba ya sauraron roƙon limami ko na mai unguwa, amsarsa ɗaya ce: "Ba ni ƙara jiran ruwa." Abokan aikinsa sun tabbatar cewa cikin itatuwan da ya sa aka sare akwai waɗanda da an yi musu magani da sun rayu, shi ma daga baya ya yarda da haka. Jama'a suka daina kiransa Likita, suka koma kiransa Mai Gatari, da wannan suna kuma ya yi ritaya a 2010.

Shekarun Ƙarshe da Rasuwa

Bayan ritaya ya buɗe lambun renon dashe a hanyar Ambursa, ya nemi matasan da zai koya wa duba itace kyauta. Kaɗan ne suka zo, babu kuma wanda ya daɗe. A 2019 idanunsa suka yi rauni, ya bar fita, sai dai a kawo masa ganye ko ɓawo ya shafa, ya sunsuna, ya faɗi abin da yake zato.

A makonsa na ƙarshe, maƙwabciyarsu Caroline, wata malamar asibiti 'yar asalin Filato, ta kawo masa ɓawon mangwaron gidanta da yake zubar da ƙaro. Ya yi mata alƙawarin zai sa a ja shi har gindin itacen da zarar ya sami sauƙi. Allah bai nufa ba, ya rasu ranar Talata, 14 ga Yuni, 2022, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa salla a ƙofar gidansa bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a Birnin Kebbi.

Ya bar matarsa Hajaratu da 'ya'ya uku: Abdulhafiz, malamin makaranta a Argungu, Ɗayyaba, ungozoma a Birnin Kebbi, da Abdulmuhaimin, ɗan kasuwa. Babu wanda ya gaji sana'arsa a cikinsu. Caroline ta nemi wanda zai duba mata mangwaron a cikin gari ba ta samu ba, kafin kaka itacen ya bushe. Allah ya jiƙan Malam Maiwada, ya gafarta masa.