Bijiman da Ba Su San Juna Ba

Har yau idan na ga ƙanena yana ɗingishi zuwa masallaci, sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Daminar da na gama sakandare aka tara mu, mu samari, a wata gona bayan garin Bukkuyum, wai za a koya mana huɗa da garmar shanu. Malamin gonan da aka turo ya zo da bijimai biyu, ɗaya baƙi daga kasuwar Gummi, ɗayan kuma daga Anka. Tsohon da ke da gonar ya ce, "Malam, waɗanga ba su san juna ba. A ɗaure su wuri guda su ci harawa tare, ko da kwana bakwai ne." Malam ya ce shi ba zai zauna a ƙauye yana jiran shanu su ƙulla zumunci ba.

Aka ɗora musu karkiya. Ƙanena ya kama igiya a gaba, ni na riƙe garma. Baƙin bijimin ya cije, malam ya tsula masa dorina. Sai ya zabura, ya fizgi ɗayan, suka banke ƙanena suka bi ta kansa. Garmar ta kuɓuce mini, bakinta ya farke masa ƙafa daga gwiwa har idon sawu. Na fizge dorinar na yi ta zabga wa malam, sai da mutum uku suka rirriƙe ni.

Da muka dawo da yaron daga asibiti, Inna ko sunan malamin ba ta tambaya ba. Ni ta duba, ta ce, "Wa ke riƙe da garmar?"